Hamidu da Bashen Ubansa

Duk wanda ya girma a Tama ya san bashen Jima. Fijo ce 404 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake ɗaura wa tamfol a kan ƙarafa. Fara ce a da, kafin rana da tsatsa su mai da ita launin ƙasar Adar. Jima ya saye ta a Tawa wata shekara da albasa ta yi albarka, ya yi kusan shekara ashirin yana jigilar mutane da buhuna tsakanin Tama, Buza da Madawa. Wata damina ya shiga kori, wato rafin damina, da ita ruwa na gudu, inji ya sha ruwa ya tsaya cak. Da shanu aka jawo ta gida aka aje bayan rumbuna. Ya ce sai kaka zai gyara, amma kafin a yanke gero ya kwanta ciwo, bai kuma tashi ba.

Ɗansa na biyu, Hamidu, yana Abijan a lokacin, yana aiki a wani garaji inda ya koyi kwance inji da walda. Jima ya aika masa kaset ta hannun wani ɗan garinsu, kamar yadda ake yi a zamanin kafin salula ta wadata. Bayan gaisuwa da labarin damina, tsohon ya ce, "Kai da kake gyara ma baƙi motoci, ka zo ka duba mini injin ga." Hamidu ya saurara, ya ce a ransa sai ya ɗan tara abin hannu tukuna. Labarin rasuwar ya iske shi kwance ƙarƙashin motar wani. Ko zaman makoki bai samu ba.

Daga Abijan ya wuce Libiya, ya yi shekarun da ya yi, yana leƙowa gida jefi-jefi. Da ya dawo dawowar ƙarshe yana da shekara arba'in da bakwai, abin da ya zo da shi bai wuce akwatin kayan aiki da ciwon baya ba. Ya kama lambun gado a fadama shi da matarsa Kaltume, wadda dama ita ke riƙe da shi duk tsawon tafiyarsa. Suna da ɗan injin ban ruwa, motofom, wanda ya taɓa aiko mata daga Sabha.

Shekarar farko albasa ta yi kyau. Suka cika rudu, wato bukkar karan da ake adana ta, suna jiran ta yi daraja. Sai dai manyan motoci ba sa saukowa fadama, a bakin babbar hanya suke tsayawa, dillalai kuma sun san haka, abin da suka ga dama shi suke tayawa. Hamidu ya ƙi sayarwa. Ruwan farko ya zo da wuri, ya ratsa rufin rudun, cikin mako biyu wari ya cika gidan. Kwana uku suna tsince ruɓaɓɓu suna zubarwa a rami. A rana ta uku ya miƙe yana dafe da ƙugu, idonsa ya faɗa kan motar can bayan rumbuna, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji sun mai da kujerarta akurki.

Ya tafi wurin wansa Yaƙubu, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar Jima.

"Yaya, ina son in tada motar Baba."

Yaƙubu ya dube shi kamar bai ji daidai ba. "Ka tada mi? Masu sayen ƙarhe sun zo sau biyu, don Inna na hana su. Yanzu Inna ta bi shi. Mu saida, ƴan'uwanmu mata su samu nasu, kowa shi huta."

"Ka ba ni shekara guda. In ba ta tashi ba, ni da kaina zan kira masu ƙarhen."

"Shekara ashirin tana nan ba ka waiwaye ta ba."

Hamidu ya san gaskiya ce. Yaƙubu ya daɗe yana karkaɗe ƙasa daga takalminsa, sannan ya ce shekara guda, ba ƙari.

Ranar da ya cire kujera ya tarar da wani ƙunshi na fata an ɗaure shi da jan zare a jikin ƙarfe, ya bushe ya yi baƙi. Gidan su Jima gidan Azna ne tun asali. Kakansu shi ke yanka a gindin dutsen gabas kafin shuka, Jima ne ya fara salla a zuriyar, amma ashe bai saki komai duka ba. Yaƙubu ya ce a ƙone. Ƙanwar Jima, Gwaggo Biba, wadda ita kaɗai ta rage cikin tsofaffin gidan, ta ce wuta dai a'a. Hamidu ya rasa bayan wa zai bi, ya kai shi gindin wani gawo a bayan gari ya binne, ya dawo ya yi alwala ya ci gaba da aiki.

Da ya sauke inji ya ɗora shi a amalanke har bakin hanya, daga nan mota ta kai shi Madawa wurin Metir Rabi'u, kamar yadda ake kiran ubangidan garaji. Tsohon makanike ne, garajinsa rumfar kwano ce bayan tasha, ya kuma san Jima da motarsa tun tana sabuwa a hannunsa. Suka kwance injin tare. Sandar fistan ɗaya ta lanƙwashe, wannan ba abin mamaki ba ne ga injin da ya sha ruwa. Amma Rabi'u bai tsaya nan ba. Ya shafa wa jikin injin kananzir, ya goge, ya barbaɗa garin alli, ya zauna yana shan shayinsa. Can sai ga wani siririn layi ya fito a cikin allin, kamar silin gashi.

"Ka gani? Ya tsage. Injin ga ya gama aikinai."

"Ina ɗinke shi, Metir. Na ɗinke waɗanda sunka hi wanga a Abijan."

"Ƙarhen zubi ba ya son walda, kai ma ka sani. Shina riƙewa da sanyi, in ya ɗau zahi shi buɗe."

Rabi'u ya ce akwai injin Toyota da zai iya samo masa nan kusa, amma sai an yanke wurin zaman injin an sake shi. Hamidu ya ce ba ya yanka motar ubansa. Rabi'u ya ce to ya nemi injin gazuwal, wato dizal, na Fijo 504, wanda ke zama a cikinta kamar don ita aka yi shi. Tun da aka rufe iyaka irinsa ba sa zuwa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, sai an yi cigiya ƙauye-ƙauye, amma ana samu. Ya tuna masa cewa esanshi, wato fetur, na kwalba da ake kawowa daga Najeriya, wanda Jima ya ci moriyarsa, yanzu ya yi tsada, gazuwal kuwa ya fi nisa, ya fi jan kaya a tudu.

Duk abin da tsohon ya faɗa Hamidu ya san haka yake. Da motar wani ce, shawarar da shi ma zai bayar ke nan. Amma wannan injin ne aka kira shi ya zo ya duba bai zo ba, ya ji ba zai iya jefar da shi ya sa wani a madadinsa ba. Bai faɗa wa Rabi'u haka ba, ya dai ce shi da na esanshi ya saba.

"Shi ke nan," in ji Rabi'u. "Motarka ta. Ni dai na hwaɗa maka."

Kayan gyara sai Kwanni, kuma ba a ba da su kyauta. Hamidu ya sayar da motofom. Ranar da mai sayen ya zo ɗauka Kaltume ta tsaya a bakin rijiyar lambu tana kallo.

"Maigida, da mi za mu ba albasa ruwa?"

"Wata biyu kawai, Kaltume. In mota ta tashi sabo zan saya miki."

Ta je ta ɗauko tsohon guga da igiya.

Wata biyun ya zama bakwai. Hamidu ya gasa jikin injin a cikin garwashi a hankali kafin ya yi waldar, ya binne shi a toka mai zafi don ya huce sannu-sannu, kamar yadda ya ga ana yi a Abijan. Ya samo fistan da zobbansu a Kwanni, fitilun gaba a wurin wani mai tarkace a Keita, gilashin gaba kuwa sai da ya bi labarinsa har Urno, ya tarar an rufe kwandon tattabaru da shi. Katakon bayan motar gara ta cinye, ya sake shi. Ya kankare tsatsa da hannunsa har fatar yatsunsa ta saɓe. Duk wannan lokaci Kaltume ke jan guga tun hantsi, shi yana taya ta in bayansa ya bari.

Wata Alhamis da la'asar ya murɗa makulli, injin ya yi tari sau biyu ya kama. Mutane suka fito daga gidaje. Mata suka yi guɗa, Gwaggo Biba ta zauna a kan turmi tana share hawaye da gefen zanenta. Yaƙubu ma ya zo, ya zagaya motar hannu a baya, ya buga taya da ƙafa, ya tafi abinsa.

Mako biyu Hamidu yana gwada ta a cikin gari babu kaya, komai lafiya. Sai maƙwabtan lambu suka ce tunda ga mota a gida, ba sa ƙara sayar wa dillalai a fadama. Aka loda albasar gida huɗu har da tasu, ya kama hanyar Madawa, maƙwabcinsa Mahaman na zaune a gefensa. Bazara ce, zafi tun da safe. Sun wuce fadama lafiya. A tsakiyar tudun dutsen da ake hawa kafin a fita fili, allurar zafi ta fara hawa. Hamidu ya gan ta. Ya rage gudu, ya yi addu'a a ransa, ya ce in dai sun kai sama iska za ta sanyaya shi. Ba su kai ba. Farin tururi ya turnuƙe daga gaba, inji ya yi wata ƙara ya mutu. Da ya zaro sandar awon mai ya ga man ya koma kamar kunu, ruwa ya gauraya da shi. Ɗinkin ya buɗe.

A wurin babu inuwa, sai duwatsu da ƙaya. Kafin a samo amalanke biyu a kwashe kayan an yi yini biyu, albasar sama ta dahu a cikin buhu. Da a ce Mahaman ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Mutumin sai ya yi ta ɗaukar buhunansa ɗaya bayan ɗaya, da ya gama ya ce, "Allah shi kyauta," ya hau amalanke.

Aka sake jawo bashen Jima gida da shanu. A gari maganar ta rabu. Wasu suka ce taurin kai ne, wasu suka ce abin da ya cire daga ƙarƙashin kujera ne ya kama shi. Hamidu ya daina zama a dandalin ƙofar masallaci, yana idar da salla sai gida. Kafaɗar Kaltume ta dama ta kumbura saboda jan guga, har ba ta iya ɗaura ɗankwali sai da hannu ɗaya. Bai iya haɗa ido da ita ba. Maganar ƙunshin kuma ta shiga ransa fiye da yadda yake so, shi da ya yi sallarsa a ƙasashe uku. Ya je ɗakin Gwaggo Biba ya zauna a bakin ƙofa.

"Gwaggo, in tono abin can in maida shi?"

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Abin ga shina cikinta ranar da ruwa ya ci ta. Shina cikinta duk sadda munka tura ta daga nan har bakin kori, ni da uwakka, da goyo a bayanmu. Bar shi inda yake, ya huta. Kuma ubanka bai ɗauki injin ga ɗan'uwanai ba. Kullum zaginai yake yi, ya ce shan mai gare shi awa raƙumi a bakin rijiya."

Ita ce kuma ta kira Yaƙubu, wanda ya riga ya aika wa masu sayen ƙarfe. Ta ce masa muddin tana da rai ba za a yanka motar wanta a gabanta ba, in ta mutu su yi abin da suka ga dama. Yaƙubu ya fita ransa a ɓace. Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa shi da ƙanensa.

Hamidu ya koma Madawa. Metir Rabi'u bai ce ai na faɗa maka ba, ya zuba masa shayi, ya ce akwai wani Yusuf a Tamaske, ɗan kasuwa, yana da 504 ta gazuwal da ta kife shekara biyu da suka wuce, jikin ya tashi aiki amma inji lafiya lau. Hamidu ya je. Ba shi da abin saye, ya faɗi haka ba ɓoye-ɓoye. Yusuf yana gina sabon gida da shaguna, yana neman mai walda. Suka shirya a kan Hamidu zai yi masa dukan ƙofofi da tagogi da ƙyauren gidan, injin ya zama ladansa. Ya yi rani guda a Tamaske yana walda daga safe zuwa yamma, da wani tabarau na roba da ya saya a kasuwa, don gilashinsa na ainihi ya fashe tun a hanyar Libiya. Idanunsa kan yi ja su yi ta ruwa kamar an zuba yashi. Yakan ɗaura tsumma mai sanyi ya koma aiki washegari.

Tsohon injin Jima kuwa masu ƙarfe suka saya, aka ba ƴan'uwa mata abin da ya fito. Hamidu ya bar gidan kafin a ɗora shi a ma'auni.

Sabon injin ya zauna, amma ya zo da nasa buƙatu. Ya fi na da nauyi, gaban motar ya sunkuya, sai da suka cire ƙarafan tsalle na 504 ɗin suka sa. Radiyater ya yi masa ƙanƙanta, aka nemo babba. Batir ma haka. Tankin mai sai da aka sauke aka wanke shi sau uku. Rabi'u da kansa ya hau mota ya zo Tama ranar da za a tayar, ya saurara kunnensa a jikin ƙarfe, ya gyaɗa kai. Wannan karon babu guɗa, mutane daga nesa suka tsaya. Hamidu ya loda duwatsu da yashi, ya hau tudun nan sau biyar shi kaɗai kafin ya yarda ya ɗauki kayan kowa. Mahaman ne ya fara kawo buhunansa, bai kuma ta da zancen da ba.

Wata huɗu ya yi yana aiki, kasuwar Buza, kasuwar Madawa, wani lokaci har Keita. Ba arziki ba ne, babura masu ƙafa uku sun shigo suna kwasar ƙananan kaya, amma gida ya fara numfasawa. Sai ya lura da wani hazo a idonsa na hagu, kamar hayaƙi, ba ya gushewa ko ya wanke fuska. Na dama ma ya fara bi. Wata rana a mashigar Madawa wata mata mai tallar fura ta fito daga gefen hagu, bai gan ta ba sai da ihun mutane ya sa ya taka birki. Ƙwaryar ta fashe a kan kwalta, matar ta tsira da ƙujewar gwiwa. Ya ba ta haƙuri har ƙasa, ya koma mota.

Ya je asibitin ido a Tawa bai gaya wa kowa ba. Likita ya haska, ya tambaye shi sana'arsa, ya ce na dama yanar ido ce, ana iya cirewa, na hagu kuwa wutar walda ta ƙone shi daga ciki, ba ya dawowa. Ya ce masa ya aje tuƙi tun bai kashe wani ba.

Mako uku ya ɓoye, yana cewa bayansa ne ya tashi shi ya sa mota ke tsaye. Kaltume ta gane ranar da ta aje masa ruwa a hagunsa ya yi ta lalube a tabarma. Ba ta tambaye shi ba. Ta yafa mayafi ta tafi gidan Yaƙubu.

Yaƙubu ya zo da hantsi ya iske shi zaune a inuwar motar. Tun suna samari Yaƙubu ne ya bi ubansu a hanya, a hannunsa ya koyi tuƙi, har takardar tuƙi ya yi kafin ya koma noma. Ya tsaya a kan Hamidu.

"Don mi ba ka hwaɗa mini ba?"

"Na ji kunya, Yaya."

"Kunya. Da ka take ɗiyar mutane fa?" Ya miƙa hannu. "Kawo makullin. Gobe kasuwar Buza, mutane sun ɗaure kayansu."

Haka suke har yanzu. An yi wa Hamidu aikin idon dama, yana ganin hanya da fuskokin mutane, amma bai ƙara riƙe sitiyari ba. Yaƙubu ke tuƙi, shi yana zaune a gefe, shi ke duba mai da ruwa kowace safiya, shi ke kwanciya ƙarƙashi in wani abu ya kwance. Ba su cika hira ba, in sun yi ma yawanci gardama ce. Yaƙubu yana da gaggawa, ba ya son jiran injin gazuwal ya ɗumama kafin ya taka, Hamidu kuma ba ya gajiya da faɗa. Kafaɗar Kaltume ba ta koma daidai ba, ta rage lambun zuwa rabi.

Abu ɗaya ya gagare su samu, wayar birkin hannu. An nema a Kwanni, an nema a Tawa, babu, Rabi'u ya ba wani direba mai zuwa Agadas sallahu. Kafin ta zo, duk inda suka tsaya a gangare Hamidu ke saukowa da sauri, dafe da baya, ya laluba dutse ya tokare taya, Yaƙubu na riƙe da birki yana ce masa ya yi maza ƙafarsa ta gaji.